Wasiƙa Zuwa Ga Edita: A Kan Hoton Bazuwar Ruwa a Lakar Ɓeraye da Yadda Ya Kamata a Ba da Labarinsa

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi bayani a kan wani reshe na binciken lafiya wanda labarinsa kan iso ga masu karatu a gutsure, wato ɗaukar hoton lakar ɓeraye da na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu, ta hanyar auna bazuwar ruwa, domin a fahimci cututtukan da ke cinye jijiyoyi sannu a hankali. Irin wannan labari yakan zo da kanu mai sanyaya zuciya, a ce masana sun gano hanyar hango cutar shanyewar jiki tun kafin alamunta su bayyana, sai can ƙasa, idan ma an faɗa, mai karatu ya tarar cewa a jikin ɓera aka yi aikin. Daga nan sai wasu su ɗauka magana ta ƙare, gobe za a fara gwajin a asibiti, wasu kuma su yi tsaki su ce me ya haɗa ɗan Adam da ɓera. A ganina duka ɓangarorin biyu ba su riski manufar aikin ba. Masu wannan bincike ba magani suke haɗawa ba, kuma ba su kai ga gano cuta a jikin mutum guda ba tukuna. Abin da suke yi shi ne tantance ma'auni, su tabbatar da cewa lambar da na'ura ta bayar ta yi daidai da ɓarnar da ke cikin jijiya, kuma wannan aiki ne da ba ya yiwuwa a jikin mutum mai rai.

Laka ita ce doguwar jijiyar nan da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya. A jikin baligi tsawonta ya kai kimanin santimita 45, faɗinta kuwa bai wuce santimita ɗaya da ɗan ɗoriya ba. A tsakiyarta akwai sashe mai ruwan toka, inda ƙwayoyin jijiya masu ba tsoka umarni suke zaune, sannan a kewaye da shi akwai farin sashe, wanda ba komai ba ne illa dogayen zaruruwa masu kai saƙo sama da ƙasa. Waɗannan zaruruwa a jere suke kamar wayoyin lantarki a cikin dami ɗaya, kowanne da rigarsa ta kitse da ake kira mayalin, wadda ke sa saƙo ya yi sauri. Duk wani motsi na hannu ko ƙafa da mutum ya yi da niyya, da numfashin da ke riƙe da ransa, ta nan umarninsu yake bi.

Cutar da aka fi bincika da wannan hanya ita ce wadda ake kira ALS, wadda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya siffanta a birnin Paris a shekarar 1869, bayan ya ga gefunan lakar waɗanda ta kashe sun taurare. Cuta ce da ke kashe ƙwayoyin jijiyar motsi, tsoka ta rame, magana da haɗiya su gagara, daga ƙarshe numfashi ya tsaya, alhali a mafi yawan lokuta mai ciwon yana sane da duk abin da ke faruwa da shi. Yawancin masu ita ba sa wuce shekara 2 zuwa 5 bayan bayyanar alamu, kuma daga cikin wannan ɗan lokaci akan ɓata kusan shekara guda kafin a tabbatar da sunan cutar. Likita ba zai iya yanko wani yanki na lakar mai rai ya duba ba, domin yin haka shi ma shanyewa zai jawo. Hoton MRI na yau da kullum kuwa sau da yawa lafiya lau yake nuna lakar mai ALS, har ma babban amfaninsa shi ne kawar da zargin wasu cututtuka, kamar ƙari ko ƙashi da ya danne jijiya. Shi ya sa har yanzu babban abin da ake auna tafiyar cutar da shi a gwajin magunguna shi ne tambayoyi 12 masu jimillar maki 48, a kan ko mutum yana iya rubutu, ko hawa matakala, ko haɗiye abinci. Wannan ma'auni yana da amfani, amma ba ya motsawa sai ɓarna ta riga ta yi nisa, kuma ba ya faɗin abin da ke gudana a cikin jijiyar kanta.

A nan ne bazuwar ruwa ta shigo. Tun a 1827 masanin tsirrai Robert Brown ya lura cewa ƙananan ɓurɓushi da ke cikin ruwa ba sa tsayawa wuri ɗaya, kullum cikin karkarwa suke, kuma a 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa ƙwayoyin ruwan ne da kansu suke kai-komo saboda ɗumi, suna ture duk abin da suka ci karo da shi. Haka ruwan jikinmu yake. A cikin kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa, ƙwayar ruwa a naman jiki takan yi tafiyar kimanin maikiron 10, maikiron kuwa kashi ɗaya ne bisa dubu na milimita. Wannan tazara ita ce ginshiƙin lamarin gaba ɗaya, domin ta yi kusa da kaurin zaruruwan jijiya da tazarar da ke tsakaninsu. Ruwan da ke cikin zare ko a gefensa yana samun hanya idan ya bi tsawon zaren, amma idan ya nufi ketarawa sai ya ci karo da bango. Saboda haka wanda ya iya auna nisan da ruwa ya yi ta kowace fuska, ya sami labarin bangayen da idon na'ura ba zai taɓa gani kai tsaye ba.

Edward Stejskal da John Tanner ne suka tsara dabarar awon a 1965. Ana sauya ƙarfin maganaɗisu na ɗan lokaci ta yadda kowace ƙwayar ruwa za ta ɗauki alama gwargwadon inda take, a ɗan dakata, sannan a sake wani sauyin da zai goge alamar. Ƙwayar da ba ta gusa ba alamarta takan goge sarai, wadda ta gusa kuwa ba ta gogewa daidai, sai siginar da na'ura ke karɓa ta ragu, kuma gwargwadon raguwar gwargwadon tafiyar ruwan. Denis Le Bihan ya shigar da wannan dabara cikin ɗaukar hoto a tsakiyar shekarun 1980. A 1990 Michael Moseley da abokan aikinsa suka nuna a jikin kyanwa cewa ruwan farin sashe ya fi tafiya ta fuska ɗaya a kan sauran, sannan a 1994 Peter Basser da James Mattiello da Le Bihan suka fito da lissafin da ake kira DTI, wanda ke haɗa awo daga fuskoki aƙalla shida. Daga wannan lissafi ake samun lambobin da ake ambata a kusan kowane rahoto: bazuwar tsaye, wato tafiyar ruwa bisa tsawon zare, bazuwar ketare, wato tafiyarsa ta gicciye, da kuma lambar FA, wadda ke tsakanin 0 da 1, tana nuna yadda ruwan ya karkata ga fuska ɗaya. A farin sashen laka mai lafiya wannan lamba tana sama sosai, idan kuma tsarin zaruruwa ya lalace sai ta sauko.

Edita, wurin da nake son masu karatu su tsaya su yi nazari shi ne wannan: na'urar ba ta ganin jijiya, ruwa kawai take aunawa. Ɗigo ɗaya a hoton lakar ɓera yakan ƙunshi dubban zaruruwa, tare da jijiyoyin jini da sauran ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiya, kuma duk wannan taro lamba ɗaya yake haifarwa. Idan lambar FA ta sauko, yana yiwuwa zaruruwa ne suka mutu, yana yiwuwa rigarsu ce ta zube, yana yiwuwa kumburi ne ya tara ruwa ko ya jawo ƙwayoyin garkuwar jiki, yana kuma yiwuwa dabbar ce ta motsa lokacin ɗaukar hoto. Da farko ma an zaci rigar mayalin ce kaɗai ke hana ruwa ketarawa, sai a 1994 Christian Beaulieu da Peter Allen, a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada, suka auna jijiyar wani kifi wadda ba ta da rigar, suka tarar ruwa yana bin tsawonta kamar yadda yake yi a mai riga. Ashe fatar zaren kanta ita ce babban bango, rigar ƙari take yi. Ba don an sami jijiyar dabba an gwada ba, da an daɗe ana fassara hotunan mutane bisa zato.

Amfanin ɓera ke nan. A jikinsa ana iya sanin irin ɓarnar da aka haifar da ranar da ta fara, a ɗauki hoto, sannan a ciro lakar a yanka ta siriri, a rina, a ƙirga zaruruwa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin bincike, a kwatanta da lambar da na'ura ta bayar a daidai wannan wuri. Sheng-Kwei Song da tawagarsa a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis na Amurka sun yi aikin da ya zama madogara a wannan fanni. A 2002 sun ɗauki hoton wani nau'in ɓera da ake haifa da naƙasa a ƙwayar gadon da ke gina mayalin, wato zaruruwansa suna nan amma rigarsu ba ta ginu ba, suka ga bazuwar ketare ta ƙaru, ta tsaye kuwa ba ta sauya ba. A 2003 suka juya ga jijiyar ido bayan an tauye jini ga idon, inda zare ne ke fara lalacewa kafin rigarsa, suka ga bazuwar tsaye ta faɗi a kwana na 3, ta ketare kuma ba ta tashi ba sai daga kwana na 5. Daga baya aka kai gwajin kan laka, a ɓerayen da aka sa garkuwar jikinsu ta far wa mayalin domin kwaikwayon cutar MS, wadda ke cinye wannan riga a jikin mutane, kuma a 2009 Matthew Budde da abokan aikinsa suka nuna cewa faɗuwar bazuwar tsaye ita ce ta fi dacewa da yawan zaruruwan da suka lalace. Dalilin faɗuwar yana da sauƙin fahimta: zaren da ke mutuwa yakan kumbura nan ya tsuke can, ya kakkarye, tarkace ya cika cikinsa, sai ruwan da a da ke bin tsawonsa ya rasa hanya.

Daga waɗannan ayyuka aka sami ƙa'idar da ta bazu ko'ina, cewa bazuwar tsaye labarin zare take bayarwa, ta ketare kuma labarin riga. Ƙa'ida ce mai kyau a inda aka gina ta, amma an ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. A 2009 Claudia Wheeler-Kingshott da Mara Cercignani sun yi gargaɗin cewa a wuraren da zaruruwa suka ketare juna, ko inda cuta ta rikita tsarinsu, abin da lissafi ya kira tsaye ba lalle ne ya zama tsawon zaren gaskiya ba. Ta wannan fuska laka ta fi ƙwaƙwalwa sauƙin karantawa, tun da yawancin zaruruwanta fuska ɗaya suka nufa. Duk da haka lokaci yana sauya ma'anar lamba. Idan ciwo ya daɗe, jiki ya kwashe tarkacen zaruruwan da suka mutu, wurin ya zama fili, bazuwar tsaye tana iya komawa kusa da yadda take a da, sai wanda bai san tarihin dabbar ba ya ɗauka sauƙi aka samu, alhali zaruruwan ne suka tafi gaba ɗaya. Domin magance irin wannan ruɗani aka fito da sababbin lissafai, kamar DBSI daga St. Louis a 2011, wanda ke ƙoƙarin ware tasirin kumburi daga na zare, da NODDI daga Landan a 2012, wanda ke kimanta yawan zaruruwa da yadda suka warwatsu. Kowane ɗayansu an gina shi a kan wasu zace-zace game da yadda naman jijiya yake, kuma cuta tana iya rushe waɗannan zace-zacen. Don haka sabon lissafi bai rage buƙatar madubi ba, ƙara ta ya yi.

Game da ALS kuwa, labarin ɓera ya fara ne a 1993, lokacin da aka gano cewa sauyi a ƙwayar gado ta SOD1 yana haifar da cutar a wasu iyalai. A 1994 Mark Gurney da abokan aikinsa a Jami'ar Northwestern ta Amurka suka dasa gurɓatacciyar ƙwayar ta ɗan Adam a jikin ɓera. Wannan ɓera yakan taso lafiya, wajen wata uku ƙafafunsa na baya su fara rawa, sannan shanyewa ta ci gaba har ya kai ƙarshe tsakanin wata huɗu da biyar. Saboda tafiyar cutarsa sananniya ce, ana iya ɗaukar hotonsa a kowane mataki. A 2011 masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, da na'ura mai ƙarfin tesla 16.4 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), sun nuna cewa a ƙasan lakar waɗannan ɓeraye masu rai lambar FA ta sauko a sashen da zaruruwan motsi suke, sashen baya mai ɗauke da saƙon ji kuwa bai taɓu ba, kuma raguwar tana ƙaruwa yayin da cutar ke tsananta. Wannan sakamako yana da daraja a wurina saboda ya bi taswirar cutar kamar yadda aka san ta, domin da kuskuren na'ura ne, da bai zaɓi hanyar motsi ya bar ta ji ba. Bayan haka wasu tawagogi a Milan da Chicago sun ba da rahoton sauye-sauye a laka tun kafin ɓeran ya fara nuna rauni, kuma irin waɗannan rahotanni su ne ke haifar da kanun labaran da na ambata.

Sai dai akwai wani bincike da ya kamata a ajiye a gefen waɗannan. A 2004 Lindsey Fischer da Jonathan Glass da abokan aikinsu a Jami'ar Emory sun bi wannan ɓera daga tsoka zuwa laka, suka tarar cewa tun wajen kwana 47 zaruruwa sun fara sakin tsoka a can ƙarshensu, a kwana 80 an yi asarar zaruruwa masu yawa a saiwoyin da ke fita daga laka, ƙwayoyin jijiyar da ke cikin lakar kuwa ba a ga mutuwarsu sosai ba sai wajen kwana 100. Ma'ana ɓarnar daga nesa take farawa ta nufo gida. Saboda haka ko hoton laka ya riga alamun da ido ke gani, ba lalle ne ya riga cutar ba, kuma kalmar “da wuri” a cikin rahoto tana buƙatar a tambaya, da wuri a kan me.

Ban ga laifin mai karatu ba idan bai san wahalar da ke cikin ɗaukar wannan hoto ba, domin ba a faɗa masa. Faɗin lakar ɓera bai wuce kimanin milimita 2 ba, kuma a cikin wannan ɗan wuri ake son a rarrabe hanyar motsi da ta ji. Na'urorin asibiti tesla 1.5 ko 3 ne, na ɓeraye kuwa sukan kama daga tesla 7 zuwa 9.4 har sama da 16. Ƙarin ƙarfi yana ƙara sigina, amma yana kuma ƙara murɗewar hoto a inda ƙashi da iska da nama suka haɗu, laka kuwa a cikin ƙashi take, kusa da huhu. Ga kuma motsi. Ana son a auna tafiyar maikiron 10 a jikin dabbar da ƙirjinta ke tashi yana sauka, zuciyarta tana bugawa sau ɗaruruwa a minti guda. Dole a sa ta barci da iskar aisofuluren, a riƙe ɗumin jikinta, tun da sanyi yana rage bazuwar ruwa, a kuma sa na'ura ta riƙa ɗauka a ɗan tsakanin numfashi da numfashi. Ɓeran da cutarsa ta yi nisa ba ya jure dogon barci, ga shi kuma a lokacin ne aka fi buƙatar hotonsa. Wannan ya sa masu bincike da yawa sukan ciro lakar bayan dabbar ta mutu, su jiƙa ta a sinadarin da ke hana ruɓewa, su bar ta a cikin na'ura sa'o'i masu yawa. Hoton da ake samu ta haka ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma sinadarin da rashin ɗumin jiki suna sauya tafiyar ruwa, kuma lakar da aka ciro sau ɗaya tak za ta ba da labari. Rahoton da ya ce an gano cuta da wuri a lakar da aka ciro bai yi ƙarya ba, amma tsakaninsa da gadon asibiti akwai tafiya mai tsawo.

Sannan shi kansa ɓeran yana da iyaka. Sauyin SOD1 ke da alhakin kimanin kashi 2 cikin 100 kacal na masu ALS, kuma ɓeran yana ɗauke da kwafi masu yawa na gurɓatacciyar ƙwayar, abin da ke gaggauta cutarsa fiye da yadda take a jikin mutum. A 2006 an gano cewa a mafi yawan masu ALS wani furotin da ake kira TDP-43 ne ke taruwa a ƙwayoyin jijiya, amma masu sauyin SOD1 ba sa cikin waɗannan. Ko tsarin lakar ma ya bambanta, domin babbar hanyar da ke kawo umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa a gefen laka take bi a jikin mutum, a jikin ɓera kuwa ta sashen baya take bi. Wanda ya manta da waɗannan bambance-bambance, tarihi ya riga ya nuna masa abin da ke biyo baya. Maganin minosaikilin ya tsawaita rayuwar ɓeraye a gwaje-gwajen farkon shekarun 2000, amma da aka gwada shi a kan mutum 412, sakamakon da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa waɗanda suka sha shi sun fi saurin lalacewa. A 2008 wata cibiyar binciken ALS da ke jihar Massachusetts ta sake gwada magunguna da dama da aka ce sun yi aiki a ɓera, ba ta sami amfanin da aka yi iƙirari ba, kuma ta nuna cewa bambancin jinsi, da na uwar da ta haife su, da na yawan kwafin ƙwayar gado, sun isa su haifar da nasarar bogi idan ɓerayen ba su da yawa. Ta ba da shawarar a yi amfani da aƙalla 24 a kowane rukuni. Binciken hoto yana da tsada da cin lokaci, don haka sau da yawa ba ya kai wannan adadi, kuma babu dalilin da zai sa a ɗauka cewa abin da ya yaudari masu gwajin magani ba zai yaudari masu ɗaukar hoto ba.

Ban kawo waɗannan domin in rage darajar aikin ba. Shi wannan ɓera na SOD1 yana cikin dabbobin da aka bi ta kansu kafin a kai ga maganin tofersen, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Afrilun 2023 domin masu sauyin SOD1. Abin lura shi ne, amincewar ta dogara ne a kan raguwar wani furotin na zaren jijiya da ake aunawa a jini, wato ma'auni ne na ɓarnar jijiya ya buɗe ƙofar. Wannan ya nuna irin nauyin da ma'auni ingantacce yake da shi. Gwajin jini ya fi hoto arha da sauƙi, kuma ina ganin a wurare da yawa shi zai yi gaba, amma jini ba ya faɗin a wane sashe na laka ɓarnar take, ko ta wace hanya take yaɗuwa, ko rigar ce ta fara tafiya ko zaren. Hoto ne kaɗai ke da damar amsa waɗannan ba tare da an yanka ba. Yana da wata fa'ida kuma da ta shafi dabbobin kansu. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka kafa ƙa'idar cewa a maye gurbin dabba inda zai yiwu, a rage yawanta, a kuma sassauta mata wahala. Idan ana iya bin ɓera ɗaya da hoto daga lafiya zuwa ciwo, ba sai an kashe wani rukuni a kowane mataki ba, kuma kowace dabba ta zama abin kwatanta kanta. Ɓera rai ne, kuma binciken da aka yi sakaka ta yadda ba za a iya dogara da sakamakonsa ba ya salwantar da wannan rai a banza.

A ɓangaren mutane an sami ci gaba, ko da yake ba cikin gaggawa ba. A 2021 cibiyoyi 42 a ƙasashe daban-daban, ƙarƙashin jagorancin Julien Cohen-Adad na birnin Montreal, sun gwada tsari guda na ɗaukar hoton laka domin lambar da aka samu a wannan asibiti ta yi daidai da ta wancan. Bincike da dama sun nuna cewa idan aka kwatanta rukunin masu ALS da rukunin masu lafiya, lambar FA a lakar wuya ta fi ƙasa a wurin masu ciwon. Amma bambanci tsakanin rukuni da rukuni daban yake da hukunci a kan mutum ɗaya, domin lambobin masu ciwo da na masu lafiya suna shiga juna, kuma har yanzu likita ba ya tabbatar da ALS da wannan hoto.

Saboda haka, Edita, roƙona gare ku da ma'aikatanku shi ne, duk lokacin da irin wannan labari ya zo teburinku, ku sa kalmar ɓera a cikin kanun kansa, kada a bar ta sai sakin layi na biyar. Ku faɗa wa mai karatu ko a dabba mai rai aka ɗauki hoton ko a lakar da aka ciro, da yawan dabbobin da aka yi amfani da su, da ko an yanka lakar an duba a madubi domin gaskata abin da na'ura ta ce, da kuma ko wanda ya auna hoton ya san wace dabba ce mai ciwo kafin ya auna. Duk waɗannan suna rubuce a cikin rahoton binciken idan an yi shi bisa ƙa'idar ARRIVE, wadda aka fitar a 2010 aka sabunta a 2020 domin tsara yadda ake ba da rahoton gwaji a kan dabbobi, kuma idan ba a same su ba, wannan rashi shi ma abin faɗa ne. Cikin masu karanta jaridarku akwai waɗanda ke jinyar uba ko mata ko ɗa da jijiyoyinsa ke mutuwa a gabansu, kuma su ne za su yanke shafin su kai wa likita suna tambayar inda ake yin gwajin. Ya kamata abin da za su kai ya kasance daidai da abin da masu binciken suka gano.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum.